Ta Kira Sunan Yayanta a Rediyo

Sau biyu kawunan Isaka suna zuwa garin Gidan Rumji da goron neman aure, sau biyu Malam Mumuni yana mayar da su da kayansu.

A zuwa na biyu ko tabarma bai sa an shimfiɗa masu ba. A tsaye ya tare su bakin zaure, ya ce shi ba ya da ɗiyar da zai kai ruga, kuma bai manta da shekarar da shanu suka cinye mashi rabin gonar hatsi ana gab da girbi ba.

Babban kawun ya yi ƙasa da murya ya ce waɗancan shanun na baƙi ne masu wucewa, ba nasu ba. Malam Mumuni ya ce shi bai san bambanci ba. Ya juya ya shige gida.

Rahina, ɗiyar da ake magana a kanta, tana bayan katanga, ta ji komai.

Shekarunta ashirin da shida. Huɗu daga ciki ta yi su ne a Muryar Fadama, ƙaramin gidan rediyon garinsu, tana kawo labarin wasanni. Ita ce mace ta farko a yankin da ta zauna bakin filin kokowa da mikoro a hannu tana faɗa wa mutane abin da ke gudana. Da farko maza sun yi ta bugo waya suna cewa mace ba ta san kaye ba. Kafin shekara ta zagayo, tsofaffi a kasuwar Cadakori su ke tsawata wa masu surutu idan muryarta ta fito.

A tsakar gidansu ta koyi abin. Malam Mumuni ɗan kokowa ne da ƙuruciyarsa, kuma tun Rahina tana 'yar makaranta a lakol take zama gefe tana kallon yadda yake horar da yayanta Nomau. Ta san taɗiya tun kafin a ɗaga ƙafa. Ta san mai tsoro daga yadda yake ɗebo yashi yana murza hannu.

A bakin fili kuma ta gamu da Isaka, ɗan wata ruga da ke arewa da Cadakori, dogo marar yawan magana, wanda ya kada mutum bakwai a kaka ɗaya. Ta miƙa mashi mikoro don ya yi magana, kunya ta hana shi haɗa kalma uku. Daga nan abin ya fara, shekara biyu ke nan.

Akwai kuma Sharifu, ɗan kasuwar Gazawa mai motocin ɗaukar kaya zuwa iyaka. Shi ne Malam Mumuni yake wa shimfiɗa har cikin gida. Bai taɓa cewa Rahina dole ta aure shi ba, amma kullum sai ya yi zancen kirkinsa a gabanta. Sharifu ya gaya mata da bakinsa cewa ranar da ta shiga gidansa ta gama da rediyo, don shi ba zai lamunta ƙartin gari suna sauraren muryar matarsa ba. Ta ce mashi to ya huta, ba ta shiga.

Ya yi murmushi ya ce zai jira.

Da aka gama girbi, Sharifu ya shirya babbar kokowa a Gazawa, kwana uku, ya sa bijimi da sabon babur ga wanda ya zo na ɗaya. Ya je da kansa wurin daraktan Muryar Fadama ya ce Rahina yake so ta yi bayanin wasan. Za a haɗa muryarta da lasifikokin fili, rediyon Gazawa ma zai ɗauka, ga kuma nasu na gida.

Darakta ya yi ta murna. Ita dai ba ta so ba, amma ba ta da hujjar ƙi.

Safiyar tafiya ta iske Nomau a tsakar gida yana ɗaure layunsa cikin jaka. Bai ɗago ya dube ta ba.

"In Allah ya haɗa ni da makiyayin nan naki a fili, ki kiyayi bakinki. Duk garin nan sun san inda zuciyarki take. Kika kuskura kika kare shi a gaban duniya, ni da ke ne."

Ta ce ita abin da ta gani take faɗi.

Ya ce za su gani.

*

Allah kuwa ya haɗa su. Ranar ƙarshe, bayan la'asar, 'yan kokowa sittin suka koma biyu: Nomau na Gidan Rumji da Isaka na Cadakori.

Filin ya cika har kan katanga da rassan bedi. Mutanen Gidan Rumji sun zo mota shida, suna yamma. Makiyaya suna gabas, tsaitsaye, an karɓe sandunansu a bakin ƙofa an jibge wuri ɗaya. Makaɗa suna ta sakin kiɗa, 'yan kirari suna tsalle.

Teburin Rahina yana dab da buhunan yashin da aka kewaye fili da su. Sharifu ya sa an ajiye kujerarsa a gefenta, kusa ƙwarai, har tana jin ƙamshin turarensa. A bayansa akwai 'yan kabu-kabu kusan goma, masu cin abinci a hannunsa.

Ya sunkuyo ya ce mata yau duniya za ta ji ko ta fi son jininta ko baƙo. Ta gyara abin saurare a kunnenta ta buɗe mikoro.

Alƙali ya busa usur.

Minti shida suna zagaye juna. Rahina tana faɗin kowane taku. Nomau ya kai cafka, Isaka ya goce. Isaka ya kama wuya, Nomau ya fizge. Sai can Isaka ya samu ƙugu, ya ɗaga Nomau sama har ƙafafunsa suka bar ƙasa.

Fili ya ɗauki ihu.

Amma Nomau ɗan gidan kokowa ne. Yana sama ya harɗe ƙafar Isaka ta baya, ya saki nauyinsa gaba ɗaya. Suka tafi tare. Yashi ya tashi. Da ya lafa, Isaka ne a sama, Nomau a ƙasa.

Alƙali ya rugo daga ɗaya gefen, ya kama hannun Isaka ya ɗaga.

Makiyaya suka ɓarke da sowa.

A gaban Rahina suka faɗi, taku huɗu daga teburinta. Ta ga abin da alƙali bai gani ba. Bayan Isaka ne ya fara taɓa ƙasa, sannan ƙarfin faɗuwar ya juya su ya koma sama.

Da ta yi shiru, babu mai tuhumarta sai 'yan kaɗan. Bijimin da babur ɗin da sun tafi ruga, kuma da kawunan Isaka sun samu abin da za su koma Gidan Rumji da shi karo na uku. Duk wannan ya gilma mata a lokaci guda.

Ta dubi Isaka. Bai yi tsalle ba, bai yi kirari ba. Kansa yana ƙasa.

Ta matso da mikoro bakinta.

"Jama'a masu saurare, alƙali ya ɗaga hannun Isaka. Hukunci nashi ne. Amma abin da idona ya gani daga nan inda nike, bayan Isaka ne ya riga taɓa ƙasa. Kayen na Nomau ne."

Maganar ta fita ta lasifika huɗu.

Ita a tunaninta shugabannin wasa za su taru su duba, kamar yadda aka saba, a kira alƙalan gefe a gyara hukunci. Har ta ga biyu daga cikinsu sun miƙe.

Sai wani daga bayan kujerar Sharifu ya kwarma ihu cewa an sayi alƙali, makiyaya sun yi cuta. Wani ya karɓa. Dutse na farko ya sauka a ƙirjin alƙali, usur ɗinsa ya faɗi.

Daga nan ba ta san yadda aka yi ba, yamma ta kwararo cikin fili.

'Yan kabu-kabun ne a gaba, kuma ba alƙali suka nufa ba. Isaka suka nufa. Ya ture na farko, ya ɗaga na biyu ya maka da ƙasa, na uku ya zo ta baya ya sheme shi da sarƙar babur a ƙeya. Ya durƙusa. Suka rufe shi.

Makiyaya suka ruga wurin da aka jibge sandunansu. Mata masu sayar da fura suna gudu, ƙore suna fashewa. An kifar da bencina, an tattake ganguna. Wani tsoho ya faɗi kusa da teburinta, mutane suka bi ta kansa.

A cikin kunnenta Yahaya, mai kula da na'urori can gidan rediyo, yana ta kiran sunanta yana cewa ta rufe ta gudu.

Ta kai hannu za ta rufe. A daidai lokacin Sharifu ya miƙe tsaye a gefenta, ya kamo rigar ɗaya daga cikin mutanensa.

"Hannun za ku karya. Kada ku bar shi da hannu."

Ba da ƙarfi ya faɗa ba. Amma mikoro yana buɗe, kuma taku ɗaya ne tsakaninsa da shi. Rahina ta ji maganar sau biyu, ɗaya a iska, ɗaya a cikin abin saurarenta.

Ta janye hannunta daga makunnin.

Ba ta da sanda, ba ta da ƙarfin ture ƙato ko ɗaya. Ta hau kan teburin da mikoro, ta fara yin aikin da ta iya.

Ta ce tana ganin Usaini mai jan babur na tashar Gazawa, da sarƙa a hannunsa, ya bugi Isaka sau biyu. Ta ce ga kuma wani mai rigar ƙwallo shuɗiya da tabo a kunci, yana tattaka cikinsa. Ta ce duk wanda ke fili ya sani ana jin sa har Gidan Rumji, har Agye, har ƙetaren iyaka, kuma ana naɗar kowace kalma.

Usaini ya ji sunansa ya cika fili. Ya tsaya, ya waiga, ya saki sarƙar. Mai shuɗiyar riga ya ja wuyan rigarsa ya rufe fuska ya kutsa cikin mutane. Taron da ke kan Isaka ya fara ɓarewa.

Sai ta hango yayanta.

Nomau ya tashi daga inda ya faɗi, jikinsa duk yashi, idonsa jawur. Wani ya danƙa mashi katakon benci. Mutanen garinsu suna zuga shi suna cewa haƙƙinsa aka ci. Isaka yana kwance, ya ɗaga hannun dama yana kare kansa.

Ta kira shi ba da mikoro ba, da muryarta kawai. "Yaya Nomau, kada ka yi." Hayaniya ta shanye maganar.

Ya ɗaga katakon.

Ta mayar da mikoro bakinta, hawaye suna zubo mata.

"Ga Nomau ɗan Malam Mumuni na Gidan Rumji, yayana uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ɗaga katako a kan mutumin da ke kwance. Yaya, Baba yana jin ka."

Da ta riga faɗi da daƙiƙa ɗaya, wataƙila da ya tsaya. Katakon ya riga ya taho. Ya sauka a damtsen Isaka, kuma duk da ihun da ake yi ta ji ƙarar ƙashin.

Nomau ya sake ɗagawa. Sai ya tsaya da katakon a sama, yana dubanta a kan tebur. Ya dubi abin da ke gabansa. Katakon ya suɓuce mashi.

Wani ya fizge wayar lasifika, muryarta ta ɗauke a fili. Dutse ya zo daga yamma, daga ɓangaren mutanen garinsu, ya same ta a saman gira. Ta faɗo daga teburin. Jini ya rufe mata ido ɗaya, amma mikoro yana hannunta, layin rediyo kuma bai yanke ba. Tana zaune a ƙasa ta ci gaba da faɗin abin da take gani da ɗaya idon: motar jandarma ta shigo, an harba barkonon tsohuwa, mutane suna haura katanga, makiyaya huɗu sun ɗauki Isaka a kan ƙyauren da suka ɓalle.

Sai da tari ya sarƙe ta sannan ta ce wa masu saurare nan za ta tsaya.

*

Likitar Agye, wato asibitin garin, aka kai masu rauni, su goma sha ɗaya. Aka yi wa Rahina ɗinki biyar. Tsohon da aka tattake ya karye a haƙarƙari, alƙali ya rasa haƙora biyu.

Isaka ne ya fi kowa. Kansa ya fashe, ƙashin damtsensa ya karye wuri biyu. Likitan ya ce hannun zai warke ya riƙe sanda, amma ba zai ƙara ɗaga ƙato ba.

Da safe Rahina ta nufi ɗakin da yake. A bakin ƙofa ta iske wata dattijuwa siririya zaune kan tabarma, ta miƙe ƙafafunta sun tare hanya. Mairama ce, mahaifiyar Isaka. Ba su taɓa haɗuwa ba, amma kowace ta gane 'yar'uwarta.

Rahina ta durƙusa ta gaishe ta. Mairama ba ta amsa ba. Ta daɗe tana kallon ɗinkin da ke goshinta, sannan ta yi magana a hankali da Hausarta mai nauyin Fillanci. Isaka ɗan fari ne, don haka ba ta kama sunansa ba. Ta ce an ɗaga hannun yaron nan, kowa ya yarda, da an watse lafiya. Ta ce bakin mutum ɗaya ne ya kwantar da shi a wancan gadon, kuma hannun ɗan gidansu mai bakin ne ya ƙarasa.

"Ke kika ce kina son shi. Da ƙin shi kike, mi za ki yi mashi da ya wuce wannan?"

Rahina ta ce, "Inna, ki bar ni in gan shi ko daga ƙofa."

Mairama ta kawar da kai. Ƙafafunta ba su motsa ba.

Rahina ta koma gindin bishiyar da ke tsakar likitar ta zauna. Nan darakta ya kira ta. Ya ce tun jiya wayar gidan rediyo ba ta huta ba, rabi suna tsine mata, rabi suna sa mata albarka. Ya ce jandarma sun karɓi naɗin shirin, sun kama mutum tara har da Nomau, Sharifu kuwa ya ƙetare iyaka tun kafin magariba. Suna son ta je buronsu ta tabbatar da abin da ta faɗa, ta sa hannu. Ya ƙara da cewa idan tana son hutu na wata ɗaya ko biyu, babu mai ganin laifinta.

Ta ce za ta yi tunani.

Kafin azahar Malam Mumuni ya iso a motar kasuwa. Ta hango shi daga nesa, rigar jiya ce a jikinsa, hularsa a karkace. Ta tashi ta tare shi. Bai bari ta gama durƙusawa ba, ya ɗauke ta da mari a ɓangaren da ba ɗinki. Tunda aka haife ta bai taɓa dukanta ba.

Mutanen da ke jinya suka juyo. Ya ja ta bayan ɗakin magani.

Ya ce uwarta tun jiya ba ta ci ba, ba ta sha ba. Ya ce yana zaune ƙofar gida da maƙwabta sun kewaye rediyo, ya ji ɗiyar cikinsa ta kira sunansa da na ɗansa a gaban duniya kamar sunan ɓarayi. Ya ce ya tambaya, an gaya mashi in ta sa hannu, Nomau gidan kaso zai tafi, kuma ba zai ƙara shiga filin kokowa ba. Amma in ta ce hayaƙi ne da ruɗani, ba ta gani da kyau ba, akwai hanya.

"Ki je ki ce kin yi kuskure. Kalma ɗaya ce."

"Baba, ban yi kuskure ba."

"Yayanki ne."

"Na sani. Shi ya sa na kira shi, don ya tsaya. Da ban kira ba, da na biyun a kai zai sauka. Da yanzu ba zancen kaso ake ba, zancen gawa ake."

Ya ce duk don makiyayin nan take yi.

Kuka ya ƙwace mata. Ta ce in don Isaka ne, ai da ta yi shiru tun farko. Ta ce a gaban dubban mutane ta ƙwace nasara daga hannun wanda take so ta miƙa wa Nomau, don tashi ce. Ba ta ji wani daga Gidan Rumji ya ce ta yi ƙarya ba a lokacin. Yanzu da gaskiyar ta juyo gida ne ake son ta ce idonta bai gani ba.

"Kuma Baba, kai ma ka ji ɗaya muryar. Wadda ta ce a karya hannun. Ka san mai ita. Sau nawa ya ci tuwo a zaurenka?"

Malam Mumuni ya dube ta.

"Na ji," ya ce. "Na gane shi. Allah ya isa tsakanina da shi. Amma Sharifu ba ɗana ba ne. Nomau ne ɗana."

"Ni fa?"

Ya goge fuskarsa da hannun riga. Ya ce shi ya tsufa, gonar nan Nomau ne ke noma ta, kuma ba zai iya kallon uwarsu ba in ya koma hannu biyu. Ya roƙe ta, shi da bai taɓa roƙon kowa ba. Da ya ga kanta yana sunkuye tana girgiza shi, sai muryarsa ta bushe.

"To ki zaɓa. In kika sa hannu a takardar nan, kada ki ƙara taka zaurena."

Ta durƙusa ta kama ƙafarsa tana kuka, tana cewa ya yafe mata. Ya tsaya har ta gaji, sannan ya zare ƙafar ya tafi.

*

Da la'asar ta hau kabu-kabu zuwa Gazawa.

A buron jandarma aka kunna mata naɗin. Ta ji muryarta tana kiran sunaye, ta ji ta Sharifu, ta ji ƙarar katakon. Kwamandan ya tambaye ta ko akwai abin da take son ta gyara. Ta ce babu. Ta ƙara da abu ɗaya, ta ce a rubuta shi: Nomau ya ɗaga katakon karo na biyu, kuma da kansa ya sake shi, babu wanda ya riƙe shi. Aka rubuta. Ta sa hannu.

Tana fita ta bi ta gaban ɗakin da aka tsare su. Nomau yana zaune a ƙasa, har yanzu da yashin fili a gashinsa. Ta tsaya. Ta yi zaton zagi.

Sai ya tambaya, ba tare da ya dube ta ba, ko hannun zai gyaru.

Ta ce zai riƙe sanda, amma ya gama kokowa.

Nomau ya kifa kansa a gwiwa. Ta jira, bai ƙara ɗagowa ba.

A hanyar komawa Agye ta kira darakta ta ce ba ta son hutun. Ranar Juma'a za ta shiga shirinta kamar kullum, kuma za ta buɗe waya, mai zagi ya zaga. Ta roƙe shi abu ɗaya, ya tambayi matarsa ko za ta samu wurin kwana a gidansu kafin ta nemi ɗaki.

Rana tana gab da faɗuwa ta shiga likitar. Ba ta da wani dalilin komawa can, sai dai ba ta da inda za ta. Mairama tana nan inda ta bar ta, da ƙwaryar fura a gabanta an rufe da faifai.

Rahina ta tsaya nesa kaɗan. Dattijuwar ce ta fara magana, idonta a kan ƙwaryar.

Ta ce yaron nan ya farka da azahar. Abin da ya fara tambaya shi ne ko an taɓa 'yar rediyo. Ta gaya mashi duk abin da ke ranta game da 'yar rediyo. Ya bari ta gama, sannan ya ce mata bayansa ya taɓa ƙasa, ya ji sanyin yashin, kuma da aka ɗaga hannunsa ya so ya faɗa, kunyar mutanensa ta hana shi.

Ta ce ta kuma ji abin da ya faru bayan ɗakin magani, don katangar ba ta da kauri.

"Kin sa hannun?"

"Na sa, Inna."

"Uban naki fa?"

Hawaye suka gangaro wa Rahina ta kan kuncin da ya kumbura.

Mairama ta dube ta tun daga goshi har ƙafa. Fuskarta ba ta saki ba. Ta ce ita ba ta yafe ba tukuna, kuma ba ta san ranar da za ta yafe ba. Ta ce kada Rahina ta ɗauka wani abu ya canza.

Sannan ta ɗauki ƙwaryar da ludayi ta miƙa mata, ta naɗe ƙafafunta daga bakin ƙofa.

"Tun da ya farka nike fama ya ƙi sha daga hannuna. Na damansa ne ya karye. Shiga ki ba shi."